Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fastocinmu Da Dattawan Ikkilisiya A Jos: Ina Za Mu Kai Waɗanda Tsoro Ya Sa Suka Yi Musun Yesu?

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, Rabaran-rabaran da fastoci da masu bishara da dattawan ikkilisiyoyin Jos da kewaye, na COCIN da ECWA da EYN da Angilika da Baftis da Katolika, da duk wanda yake tsayawa gaban jama'ar Allah ranar Lahadi.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya jama'a, yaya haƙuri da halin da ƙasa ke ciki. Ni 'yarku ce, 'yar Zumuntar Mata, ina koyar da darasin addinin Kirista a wata sakandare a nan garin, bani da wani muƙami a coci. Na san ba tarbiyyarmu ba ce yaro ya tsaya yana gaya wa manya magana, don haka ku yi mini aikin gafara tun daga farko, roƙo ne na kawo. Na rubuta a fili ne saboda maganar ta wuce coci ɗaya, kuma mutanen da take shafa ba za su taɓa ɗaga hannu a mitin su faɗa ba, amma in suka ci karo da ita a waya ƙila su san cewa akwai masu tunaninsu.

Maganar ita ce, a cikin ikkilisiyoyinmu akwai mutanen da ranar tashin hankali, wuƙa a wuya ko bindiga a ka, aka tambaye su ko su Kirista ne sukace a'a. Wasu suna suka canza a shingen hanya, wasu kalmar shahada suka yi a daji, wasu kuma sun yi watanni ko shekaru a hannun waɗanda suka kama su suna salla ana kiransu da wani suna dabam. Allah ya fitar da su, sun dawo, suna nan zaune a bencinmu suna ba da baiko suna rera waƙa, amma a cikin zuciyarsu sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa su 'yan wuta ne kawai suna jiran rana. Kuma mu har yau ba mu ce musu uffan ba, abin da suke ji daga bagade ma ƙara tabbatar musu da hukuncin yake yi.

Duk wanda ya zauna garin nan tun daga 7 ga Satumba 2001 ya san yadda abin yake, ba sai an ba shi labari ba. Da safe kana kasuwa ko wurin aiki lafiya lau, kafin ka ankara hayaƙi ya tashi kowa na gudun gida, sai ka faɗa hannun samari sun tare hanya da duwatsu da tayoyi, tambayar kuma ɗaya ce, kai wane ne, yaya sunanka. In a gefen Musulmi ne ace karanto Fatiha, in a gefenmu ne ace karanto Addu'ar Ubangiji, don gaskiya ɗaya ce Baba, mu ma yaranmu sun tare hanya, kuma akwai Musulmin da suka sha da sunan aro irin su Yohanna da Bulus. Haka aka yi a Nuwamba 2008, haka a Janairu 2010. Bayan kowanne mun ƙirga gawawwaki, mun ƙirga majami'un da aka ƙona, gwamnati ta kafa kwamitin bincike, an raba shinkafa da bargo da katifa. Shi kuwa wanda ya tsira da ƙarya ya koma gida ya yi wanka ya ja bakinsa ya tsuke, Lahadi ta zo ya sa kaya ya tafi sujada, akace a tashi a ba da shaidar yadda Allah ya kuɓutar da mu, shi ya sunkuyar da kai. Sai kuma 2014 ta zo, Gwoza da Madagali da Michika da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram, har EYN sai da ta bar hedkwatarta a Kwarhi ta dawo nan Jos na ɗan lokaci, 'yan gudun hijira suka cika gidajenmu da makarantunmu, kuma da yawa sun zo da wani kaya a zuciya wanda ba a sa shi a rajistar masu karɓar tallafi.

Me muke wa'azi a kai tun lokacin? Leah Sharibu, kuma ta cancanta. Yarinya 'yar shekara 14, aka kwashe su 110 daga makarantarsu a Dapchi ranar 19 ga Fabrairu 2018, bayan wata guda aka dawo da sauran da ke da rai aka riƙe ta saboda ta ƙi barin addininta, har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Muna wa'azin Rabaran Lawan Andimi, shugaban Ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika, wanda ya zauna gaban kyamarar masu tsare shi hankali kwance yace bai karaya ba domin komai na hannun Allah, aka kashe shi a Janairu 2020. Muna wa'azin Istifanus da Shadrak da Meshak da Abednego. Allah ya sani ba na so a rage ko harafi ɗaya daga darajarsu, ina koya wa ɗalibaina labarinsu kowace shekara. Amma ku tuna da bidiyon nan da ya fito a Mayu 2014, 'yan matan Chibok sama da 100 a zaune a ƙasa cikin hijabi suna maimaita abin da aka sa su faɗa. Su ma fa 'ya'yanmu ne, yawancinsu a Sande Sukul suka tashi. Mun yi azumi mun yi kuka a dawo mana da su. To su da dubban irinsu da babu wanda ya san sunansu, in suka shigo coci suka ji mai wa'azi ya ɗaga murya yace "ni gara a yanka ni da in yi musun Ubangijina, duk wanda ya yi musu ba shi da rabo!" jama'a suka amsa da amin har rufin kwano na rawa, me kuke tsammani yake faruwa a cikinsu a wannan lokacin?

Akwai wata 'yar'uwa a zumuntarmu, na nemi izininta kafin in rubuta wannan kuma na cire duk abin da zai sa a gane ta. Daga wajen Gwoza ta zo. A gabanta aka tambayi mijinta ya ƙi, aka kashe shi nan take. Sai aka juyo kanta, tana da goyo a baya, biyu na riƙe da zaninta, ta faɗi abin da akace ta faɗa. Ta yi watanni a hannunsu kafin wata rana da daddare ta samu ta sulale da yaran. Yanzu a cocinmu ana girmama ta ƙwarai a matsayin gwauruwar wanda ya mutu saboda Yesu, in baƙi sun zo ita ake kira gaba a ɗora mata hannu a yi addu'a, mata na sharar hawaye, ita kuma a tsaye kamar a tsaga ƙasa ta shige. Na daɗe ina lura cewa ranar Jibin Ubangiji in faranti ya iso layinmu sai ta duƙa tana gyara takalmin ɗanta ko ta fita wai za ta kai shi bayan gida, sai an gama ta dawo. Wata Asabar bayan bikin aure mun rage mu biyu a bayan coci muna kankare tukwanen shinkafa, hannunta cikin toka da soso, ba ta ko ɗago kai ba tace, "Mama, wanda ya yi musun Yesu da baki amma zuciyarsa tana kuka, shi ma wuta zai tafi ko?" Na wanke hannu na ɗauko Littafi a jaka muka zauna kan dutse muka karanta Luka 22 tare, ta yi kuka sosai, amma da za mu rabu sai tace, "Na gode Mama, amma ke ai ba fasto ba ce." Ba raini ba ne, abin da take nufi shi ne tana so ta ji daga bakin masu riƙe da farantin. Wannan maganar tata ce ta sa na zauna rubuta muku.

Da wani bakanike kuma, da can shi ke kaɗa jita a kwaya. A rikicin 2010 aka tare su shi da abokinsa a kan babur. Shi ya girma cikin Hausawa, ya iya Fatiha tun yana yaro, ya karanta tiryan-tiryan ya ba da sunan aro akace wuce. Abokin bai iya ba. Daga nan ya ajiye jita, ya fara sallamar kansa daga sujada, yanzu giyar goskolo yake sha tun da hantsi. Dattawa sun zauna a kansa sun sa shi a horo saboda shaye-shaye, daidai ne bisa ga tsari, amma a cikin duk waɗanda suka zauna babu wanda ya tambaye shi me ya faru a kan hanya ranar nan. Hausawa sun ce tsoro na daji kunya na gida, waɗannan mutanen sun sha tsoron a daji, sun dawo gida kunya na cinye su a tsakiyarmu muna kallo.

Iyayena, ku bari in tuna muku abin da kuka fi ni sani. A daren da Bitrus ya yi musun Yesu ba soja ne ya tsare shi ba, babu wanda ya ɗora masa takobi a wuya. Wata baranya ce mai tsaron ƙofa ta dube shi tace kai ma ai kana cikin almajiran mutumin nan. Dare ne na sanyi, bayi da dogarai sun hura wutar gawayi a tsakar gidan babban firist suna jin ɗumi, shi ma ya raɓa cikinsu. Luka yace tsakanin musu na biyu da na uku an yi wajen awa guda, wato ya samu lokacin yin tunani, ya samu lokacin da zai tashi ya bar wurin ko ya gyara maganarsa, bai yi ba. A na ukun ma harshensa ne ya tona masa asiri, sukace maganarka ta nuna kai mutumin Galili ne, kuma duk ɗan Jos ya san wannan fargabar, ka buɗe baki Hausarka ta faɗi ƙabilarka. Cikin masu tambayar har da ɗan'uwan Malkus wanda Bitrus ya sare wa kunne ɗazu-ɗazu a lambu. Sai ya shiga rantse-rantse yana la'antar kansa wai shi bai ma san mutumin ba. Wannan fa shi ne wanda ya taka ruwa, ya ga ɗaukakar Yesu a kan dutse da idonsa, wanda a daren nan ya bugi ƙirji yace ko kowa ya gudu ban da shi. In da gaban kwamitinmu aka kawo ƙararsa, ku faɗa mini tsakani da Allah, shekara nawa zai yi a bencin baya, kuma za mu sake ba shi bagade har abada?

To ga abin da Ubangiji ya yi. Tun kafin abin ya faru yace masa Shaiɗan ya nemi ya sheƙe ku kamar alkama amma na yi maka addu'a kada bangaskiyarka ta ƙare, in ka juyo ka ƙarfafa 'yan'uwanka. Ya san zai faɗi, ya riga ya ajiye masa aikin da zai yi bayan faɗuwar. Da zakara ya yi cara Ubangiji ya juyo ya dube shi, Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi. Ranar tashi daga matattu, a Markus 16:7, saƙon da aka ba matan shi ne ku je ku gaya wa almajiransa da Bitrus, shi kaɗai aka kama sunansa, domin mutumin da ya yi irin wannan in akace almajirai su zo ba zai lissafa kansa a ciki ba sai an kira shi takamaimai. Sannan Luka 24:34 da 1 Korintiyawa 15:5 sun nuna Yesu ya bayyana gare shi tun kafin taron sauran, kuma babu marubucin da ya rubuta mana abin da suka tattauna, an bar musu sirrinsu. Sai a bakin tekun Tibariya, sun kwana suna kamun kifi ba su samu komai ba sai da Yesu ya ce su jefa taru ta dama, suka fito a jiƙe da gajiya suka tarar ya hura wutar gawayi da kifi a kai da gurasa, yace ku zo ku karya kumallo. Sai da Bitrus ya ci ya ƙoshi tukuna aka fara magana. Sau uku ya tambaye shi kana ƙaunata, bai ce masa me ya sa ka yi ba, bai sa shi ya maimaita wa sauran kalmomin da ya faɗa a gidan Kayafa ba, tambayar ta yi wa Bitrus ciwo ƙwarai, Yohanna ya faɗa, amma kowace amsa aiki aka miƙa masa, ka yi kiwon tumakina. Sati bakwai ne kacal tsakanin daren musun da ranar Fentikos da bakin nan ya yi wa'azi mutum wajen 3,000 suka tuba. A Ayyukan Manzanni 3 ma shi ne ya dubi mutanen Urushalima yace kun yi musun Mai Tsarkin nan, nan take kuma yace ku tuba ku juyo a shafe zunubanku, ya san hanyar domin ya bi ta. Kuma ko bayan haka tsoro bai rabu da shi gaba ɗaya ba, a Antakiya ya janye daga cin abinci da al'ummai don tsoron mutane har Bulus ya tsawata masa a fili, duk da haka ba a karɓe kiwon daga hannunsa ba.

Na san ayar da za ku kawo mini, Matiyu 10:33, duk wanda ya yi musun sanina a gaban mutane ni ma zan yi musun saninsa a gaban Ubana. Ayar gaskiya ce, ban zo in goge ta ba. Musun Yesu zunubi ne babba, su waɗannan mutanen ma sun fi mu sani tunda shi ke hana su barci. Amma Bitrus yana tsaye a wurin ranar da aka faɗi ayar, jawabin aiken sha biyun ne, kuma wanda ya faɗe ta shi ne dai ya gasa masa kifi daga baya. Dole mu karanta ta yadda mai ita ya yi aiki da ita. Kashedi ne ga wanda ya juya baya ya zauna daram a kan musunsa har ƙarshe, wanda ya fita ya yi kuka ya dawo kuwa 1 Yohanna 1:9 ta rufe shi, in mun furta zunubanmu zai gafarta ya tsarkake mu daga dukan rashin adalci, ba a ce ban da wannan ba. Bulus da kansa ya faɗa gaban sarki Agaribas cewa a da yakan bi majami'u yana tilasta wa masu bi su yi saɓo, wato shi ne mai riƙe da wuƙar a shingen hanya, kuma ya sami jinƙai. Mai tilastawa ya samu, wanda aka tilasta wa ne zai rasa?

Abin da ke ba ni tsoro shi ne labarin Yahuda. Shi ma ya yi nadama, ya kwaso azurfa talatin ɗin ya kawo Haikali, ya buɗe baki yace na yi zunubi na ba da marar laifi. Gidan Allah ya kawo nadamarsa, shugabannin addini ya tarar, sukace masa ina ruwanmu, kai ta shafa. Ya fita ya rataye kansa. Ku yi haƙuri da nauyin maganar, ban ce haka kuke ba, amma shirun da muka yi shekara da shekaru, a kunnen mai nadama kusan haka yake sauka.

Kuma wannan ba sabuwar matsala ba ce, kun karanta ta a makarantun tauhidi na Bukuru da JETS da Gindiri. A shekara ta 250 sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga alloli a ba shi takardar shaida, har yau akwai irin takardun da aka tono a Masar. Masu bi da yawa suka yi hadayar, wasu suka ba da cin hanci aka rubuta musu takarda ba tare da sun yi ba. Da ƙura ta lafa suka dawo ƙofar ikkilisiya suna kuka, sai rigima ta tashi. A Roma wani malami Nobatiyan yace sam ba za a karɓe su ba har su mutu, ya ware da mutanensa suna kiran kansu tsarkaka. A nan Afirka kuwa, a Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yanzu, Bishop Sifiriyan ya tara 'yan'uwansa a 251 suka shimfiɗa hanyar tuba, kuma ba a fi shekara biyu ba da suka ga wani tsananin na tafe sai suka buɗe ƙofa ga duk masu tuban, dalilinsu shi ne ta yaya za ka ce mutum ya tsaya ya zubar da jininsa domin Almasihu alhali ka hana shi ƙoƙon Almasihu. Wannan ita ce amsata ga masu cewa in aka sassauta kowa zai riƙa musu da an taɓa shi. Shi Sifiriyan ɗin ba rago ba ne, a 258 aka fille masa kai. Majalisar Ankira a 314 ta ce waɗanda aka fi ƙarfinsu aka tilasta musu suna ta faɗin cewa su Kirista ne kada a hana su Jibi. Majalisar Nikiya a 325, wadda muke karanta shaidar bangaskiyarta, ta yi tsauri ba wasa, shekara 12 na tuba ta yanka wa waɗanda suka faɗi ba tare da an matsa musu ba, amma ko su ba ta rufe musu ƙofa ba, ta ce kada a hana mai bakin mutuwa Jibi, ta kuma ce mabiyan Nobatiyan in suna so su dawo sai sun sa hannu cewa za su yi tarayya da waɗanda suka faɗi a lokacin tsanani. Ban ce mu kwafo shekarunsu ba. Abin da nake nunawa shi ne sun zauna sun yi magana, sun bambanta wanda ya ruga da kansa da wanda aka ja, mai tuba ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mu da muka fi shekara 20 cikin wannan wutar ba mu da ko shafi ɗaya a kai da na taɓa ji an karanta wa jama'a.

Sannan in za a yi maganar musu a yi ta duka. Akwai wanda ya ɓoye sunan baftismarsa a Abuja don ya samu kwangila ko ƙarin girma, babu wuƙa babu bindiga, ya dawo da babban ambulan ranar godiya aka ba shi kujerar gaba. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. A Agusta 2021 an tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba aka kashe sama da 20, mutanen da wucewa kawai suke yi. Duk mai amsa sunan Kirista da ya sa hannu a irin wannan, Titus 1:16 ta faɗi sunan abin da ya yi, suna cewa sun san Allah amma da ayyukansu suna musunsa. A dare ɗaya Bitrus ya zare takobi ya kuma yi musu, Yesu bai yarda da ko ɗaya ba. Irin waɗannan samarin a wasu unguwanni jarumai ake ce musu, gwauruwar da ta ceci 'ya'yanta uku kuwa ita ke jin ba ta isa ta taɓa gurasa ba. Kada kuma wani ya ɗauki wasiƙar nan ya je ya hura wuta da ita tsakaninmu da maƙwabtanmu, ba mu manta da Liman Abubakar Abdullahi na Nghar a Barkin Ladi ba, wanda a Yuni 2018 ya ɓoye sama da mutum 200 a masallacinsa da gidansa, yawancinsu namu, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su.

Roƙona ba mai tsada ba ne. Ku faɗa daga bagade, da Hausa da Turanci da yaren gida, da kalmomin da ba sai an fassara ba, cewa in ka taɓa cewa kai ba Kirista ba ne don tsoro, in ka canza suna, in ka yi shahada a daji, Yesu ya sani tun kafin ka faɗa, akwai gafara, ka zo. Ku faɗe shi musamman kafin a raba Jibi, don a nan ne suke guduwa, kuma kada ku yi sau ɗaya ku bari, wanda ya yi shekara goma yana hukunta kansa wa'azi ɗaya ba zai fito da shi ba. In sun zo, don Allah kada a miƙa musu makirfo ace su tsaya gaban jama'a, kada a ɗauki bidiyonsu a sa a Facebook ko a tura wa masu ba da tallafi a ƙasashen waje, kada a haɗa su a benci ɗaya na horo da wanda ya ci kuɗin baiko. Fasto ya zauna da mutum a ofis ko a gidansa, ya ji, ya bar shi ya kira zunubinsa da sunansa gaban Allah, ya ɗora masa hannu ya gaya masa a fili cewa an gafarta masa. Kuma maganar ta mutu a ɗakin, domin babban abin da ke hana su zuwa shi ne sun ga yadda magana ke fita daga mitin ɗin dattawa ta riga mai ita isa kasuwa. Ga matan da suka dawo da ciki ko da goyo, a karɓi yaran a miƙa su ga Allah kamar kowane yaro, ku tsawata wa masu kiransu 'ya'yan Boko Haram ko da matar dattijo ce ta faɗa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wasu suna tambayarmu ko sai an sake yi musu baftisma, ikkilisiyar farko ba ta sake wa irinsu ba, ɗora hannu take yi, amma wannan hurumin ku ne, ku zauna ku ba mu amsa ɗaya mu san abin da za mu gaya musu. Ku kuma mayar musu da aikinsu, mai jita ya koma kwaya, mai koyarwa ta koma ajinta.

Ku sa maganar a ajandar taron majalisun ikkilisiya na DCC da RCC, da na tarayyar ikkilisiyoyi ta TEKAN, da na CAN mai zuwa, ku kira mu matan zumunta mu zauna tare da ku domin mu suke gaya wa a wurin wanke-wanke da wurin zaman makoki. Akwai sunaye a wurinmu, fiye da yadda kuke zato, wasu ma a gidajenku suke. Ba za mu ba ku ko ɗaya ba sai kun gaya mana abin da za ku yi da su in sun zo.

Allah ya ƙara muku ƙarfi da hikima, ya tsare ku da iyalanku.

'Yarku cikin Ubangiji,
wata 'yar Zumuntar Mata, Jos.